Bawul Ɗaya Ya Saki, Bakwai Suna Kan Hanya: Gyaran Wata Laimar Wasan Ruwa a Gaɓar Bahar Maliya

Laimar da wannan bayani ya shafa mai faɗin murabba'in mita 12 ce, ta kai shekara tara da fitowa daga kamfani. Mai ita wani Bajamushe ne da ya saye ta hannu na biyu, ya taho da ita hutu El Guna, garin shaƙatawa da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, kimanin kilomita 25 arewa da Hurgada. Kukan da ya kawo shagon gyaran da nake taya aiki gajere ne. Yakan ba ta iska da safe ta yi tauri ƙam, ya shiga ruwa, kafin minti arba'in ta fara laushi. Ranar da ya zo mana, laimar ta lanƙwashe a sama, ta faɗo ruwa, ta ƙi tashi. Allah ya taimake shi a tafkin bakin gaɓa abin ya faru, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, sai ya naɗe igiyoyinsa ya tako da ƙafa. Da a can bayan duwatsun murjani ne, da sai an tura masa jirgin ceto.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutum ne ke tsayawa a kan allo, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya maƙala mata wata sanda mai igiyoyi huɗu ko biyar masu tsawon mita 20 zuwa 24, a ƙarshensu kuma ga wata ƙatuwar laima can sama tana jan sa bisa ruwa da ƙarfin iska. Masu wasan kayit suke ce mata. Abin da ya raba ta da laimar sojan sama shi ne tana da ƙashi, kuma ƙashin nata iska ne. Akwai babban bututu da ya bi goshinta daga wannan fiffike zuwa wancan, sai ƙananan bututu da suka taso daga jikinsa suka nufi baya, waɗanda zan kira haƙarƙari. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi rajistar wannan ƙira a 1984, kuma manufarsu ita ce idan laima ta faɗa ruwa ta yi iyo, a iya tashinta ba tare da an koma tudu ba. Ke nan iskar da ke cikin bututun nan aiki uku take yi: ita ke riƙe siffar laimar a sama, ita ke ba da damar sake tashinta daga ruwa, kuma ranar da iskar sama ta ɗauke ko igiya ta tsinke a nesa da gaɓa, wannan bututun ne ɗan wasa zai rungume ya kai shi bakin ruwa. Shi ya sa a shagonmu ba a ɗaukar sacewar iska a matsayin ƙaramin gyara.

Kowane bututu riga biyu gare shi. Ta waje yadi ne mai kauri da ake kira Dacron, shi ke ɗaukar matsi, amma ba ya riƙe iska. A cikinsa akwai tub na robar foliyuretan, siriri sosai, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ana ba shi iska tsakanin PSI 6 zuwa 8 (PSI ma'aunin matsin iska ne), gwargwadon girman laima da abin da kamfani ya rubuta a jikinta. A jikin tub ɗin ne aka manna bawul, ya leƙo waje ta wani rami da aka yi wa yadin. Laimar Bajamushen haƙarƙari uku gare ta, kuma irin wadda ake yi wa famfo ta wuri guda ce, iska ta bi ta 'yan tiyo ta cika haƙarƙarin. Idan aka ƙirga: bawul na shigar iska mai faɗin milimita 9, na fitarwa mai milimita 11, uku a jikin babban bututu da ke kai iska ga haƙarƙari, sai uku a jikin haƙarƙarin kansu. Takwas ke nan.

Neman inda iskar ke bi

Maigidana, dattijon Bamisire da ya fara da ɗinkin filafilan jiragen ruwa kafin wannan wasa ya iso gaɓarsu, ba ya yarda a zuge zif ɗin da ke jikin yadin bututu kafin a san wane bututu ne ke da laifi. Muka shimfiɗa laimar a inuwa, muka ba ta iska zuwa PSI 7, muka rufe kilif ɗin da ke kan kowane tiyo domin kowane bututu ya zauna da iskarsa shi kaɗai. Bayan kamar rabin sa'a haƙarƙarin uku suna nan da ƙarfinsu, babban bututu kuwa yatsa na lotsa shi. Bincike ya koma wuri ɗaya.

Sai ruwan sabulu. Aka fesa a bakin kowane bawul, da wuyansa, da gindinsa inda ya fito daga yadi. Bawul na shiga da na fita ba su ce komai ba. A bawul na hagu da ke kai iska ga haƙarƙari, kumfa ta fara taruwa a gindi, ƙanana-ƙanana, ba tsayawa. Da maigida ya ɗan karkata bawul ɗin da yatsa, kumfar ta tashi da ƙarfi har ana jin shuu. Wannan karkatawar ita ta bayyana abin da ya sa laimar ke jurewa a kan yashi amma take sacewa da sauri a ruwa: a sama bututun yana murɗawa, tiyo yana jan bawul, bakin da ya saki yana buɗewa yana rufewa.

Akwai abin lura a nan. Kumfa a gindin bawul ba kullum take nufin bawul ne ya lalace ba. Idan tub ya huje a wani wuri, iskar takan bi tsakaninsa da yadi ta fito ta ramin da ya fi kusa, kuma ramin bawul shi ne mafi sauƙin bi. Mutane da yawa sun canza bawul lafiyayye saboda wannan. Ba a yanke hukunci sai tub ya fito an gani da ido.

Fitar da tub

Aikin nan ba a yin sa a bakin ruwa. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓallin ƙwanso da ya shiga cikin yadi ya isa ya buɗe sabon rami ranar da aka ba da iska. A kan dogon tebur mai tsabta muka yi, hannu a wanke, babu zobe babu agogo.

Muka cire kowane tiyo, muka tura bawul biyar na babban bututu suka koma ciki. Muka buɗe bakin fiffike na dama da na hagu, muka ɗaure ƙarshen tub da doguwar igiya a kowane ɓangare. Wanda ya manta wannan igiyar ya jawo tub, zai sha wahala kafin ya mayar, domin ita ce za ta zauna a cikin yadi ta zama jagora. Kafin a ja, maigida ya sa na yi alama da maka: wannan hagu, wannan dama, nan ne sama, da kibiya a gefen kowane bawul da ke nuna inda bakinsa ya fuskanta. Sannan muka zuge zif ɗin tsakiya muka jawo tub a hankali, rabi ɗaya tukuna, sannan ɗayan.

Da ya fito fili, labarin ya canza. Gindin bawul na hagu ya saki kusan rabi, kuma kewaye da shi akwai wani farin ɓawo mai ƙarfi kamar gilas. Maigida ya ɗaga kai ya dubi mai laimar ya ce, "Yallaɓai, wa ya sa mata wannan?" Mutumin ya ce shi ne. Tun a gida ya ga alamar kumfa, ya ɗiga sufa gulu ta ramin yadi, ya ga ta lafa, ya ɗauka an gama.

Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sufa gulu idan ya bushe ƙandarewa yake yi, tub kuwa aikinsa miƙewa da dawowa. Wurin da gam ya ƙandare ba ya miƙewa, sai duk jan ya taru a bakinsa, bakin kuma yana da kaifi. A tub ɗin nan ya riga ya fara tsaga robar, wata 'yar tsaga da ba ta kai faɗin farce ba, dab da gindin bawul. Wanda ya saba zama wurin mai faci zai ga kamar aikin ɗaya ne da na tub ɗin babur, kuma a wajen neman rami da ruwan sabulu ɗaya ne ɗin. Amma sholishon mai faci an yi shi ne domin baƙar robar taya, ba ya kama foliyuretan, yadda sufa gulu ma bai dace da ita ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Maigida ya kama bawul na dama, wanda bai fitar da kumfa ko ɗaya ba, ya sa babban yatsa a bakin gindinsa ya ɗan tura. Ya ɗago kamar an ɓare lemo. Na tsakiya haka. Na fitar da iska ma haka. Na shigar iska ne kaɗai ya ɗan yi gardama, shi ma gefe ɗaya ya saki. Dukkansu sun yi ruwan ɗorawa, sun yi tauri, kuma abin da ya rage na manninsu ya zama wani danƙo mai santsi.

Me ya kawo haka

Zafi da shekaru. Bawul da tub ba roba ɗaya ba ce. Tsofaffin laimomi da yawa bawul ɗinsu na robar PVC ne, wadda ake zuba wa wani mai domin ta yi laushi. Da tafiya ta yi nisa man yana fita daga jikin robar, bawul ya ƙandare, man kuma ya ratsa mannin ya kashe shi. Zafi yana gaggauta wannan, danshi ma haka, musamman ga laimar da ake naɗewa a jiƙe a cusa a jaka. A gaɓar Bahar Maliya lokacin bazara zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce 60. Da aka tambayi mai laimar inda yake ajiye ta, ya ce a but ɗin motar haya, tun ranar da ya sauka, domin kada ya riƙa hawa da ita ɗaki. Da rana kuma idan ya fito cin abinci, yakan bar ta a hure a kan yashi.

Ban ce but ɗin mota ne kaɗai ya kashe mannin ba. Shekara tara ta riga ta yi rabin aikin tun a Jamus. Amma bawul takwas ɗin nan rana ɗaya aka manna su, da gam ɗaya, kuma zafi ɗaya suka sha. Babu dalilin da zai sa ɗaya ya mutu bakwai su zauna lafiya. Na hagu ya riga sauran ne kawai, wataƙila domin tiyonsa ya fi ja.

Gardamar da aka yi

Mai laimar bai so jin haka ba, kuma ina fahimtarsa. Hutunsa ya kusa ƙarewa, hasashen yanayi ya nuna iskar arewa za ta kaɗa da kyau kwanakin da suka rage, shi kuma abin da ya kawo shi ke nan. Ya ce a gyara masa wanda ke yoyon, sauran zai duba idan ya koma gida.

Maigida bai yi dogon bayani ba. Ya miƙa masa tub ɗin ya ce, "Yallaɓai, sa yatsanka nan." Mutumin ya tura, bawul ya ɗago a hannunsa. Gani ya kori ji. Maigida ya ce, "Idan na manna ɗaya na mayar, zan karɓi kuɗinka yau, gobe ko jibi wannan ya saki kana tsakiyar ruwa. Ba zan sa hannuna a wannan aikin ba."

Ina tare da maigida a nan ɗari bisa ɗari, kuma ba don shi ke biya na ba. Wahalar aikin duk tana cikin fitar da tub da mayar da shi, kuma kowace fitarwa tana da haɗarinta ga roba mai wannan sirantaka. Tunda tub yana kan tebur, bambancin canza bawul ɗaya da canza biyar ɗan lokaci ne da kuɗin bawul. Wanda ya canza ɗaya-ɗaya zai buɗe laimarsa sau biyar, kuma tsakanin kowace buɗewa akwai ranar da za ta ba shi kunya a ruwa.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko a wanke tsofaffin bawul a sake manna su da gam na foliyuretan irin su Aquaseal ko Stormsure. Gam ne mai kyau, yana bushewa da laushi, yana bin miƙewar roba. Sai dai yana son awa 8 zuwa 12 kafin ya kama, an fi so ma a bar shi kwana guda, kuma bawul ɗin da ya riga ya ƙandare yana fitar da mai zai sake kashe sabon gam ɗin. Ga bawul mai sauran laushi hanya ce mai kyau, ga waɗannan kuwa a'a. Ta biyu a sayi sabon tub ɗungurungum. Ita ce mafi kwanciyar hankali, amma sai an yi odarsa daidai da samfurin laima da girmanta da shekararta, kuma kafin ya iso Masar mutumin ya daɗe da komawa gida. Ta uku a cire tsofaffin a sa sababbin bawul masu zuwa da manninsu, wato bawul da aka riga aka haɗa da faffaɗan faci zagayayye, sai dai a ɓare takardar baya a liƙa.

Kafin a zaɓi ta ukun sai an tabbatar tub ɗin kansa yana da sauran rai. Maigida ya kama wani wuri nesa da bawul ya ja tsakanin yatsunsa, robar ta miƙe ta dawo yadda take, ba ta yi fari ba, ba ta danƙo a hannu. Ya duba ɗinkin zafi da ya bi tsawon tub ɗin, babu inda ya buɗe. Da robar ta yi gajimare ko tana yagewa da ɗan ja, da sabon bawul a kanta asarar kuɗi ne. Aka tsaya a kan canza duka takwas, har da na haƙarƙari.

Aikin kansa

Cire tsofaffin bai ba da wahala ba. Wanda ya yi gardama aka ɗan hura masa na'urar busar da gashi daga nesa, mannin ya yi laushi, aka ɓare shi a hankali ana riƙe robar da ɗayan hannun kada ta miƙe. Wasu sukan tsoma wurin a ruwan zafi, shi ma yana yi. Na hagu mai sufa gulu ne ya ci lokaci. Ba a ɓare ƙandararren gam daga roba irin wannan, yagewa za ta yi. Maigida ya sa ƙaramin almakashi ya yanke wurin gaba ɗaya, har da 'yar tsagar, ya mayar da shi rami zagayayye mai santsin baki, domin rami mai kusurwa daga kusurwar yake ci gaba da tsagewa. Ramin ya fi na asali girma, don haka aka fara rufe shi da facin Tear-Aid nau'in A, wanda shi ne na foliyuretan, nau'in B kuwa na robar PVC ne. Aka yanka facin da zagayayyen baki, ya zarce ramin da kamar santimita 3 ta kowane gefe, sannan aka huda sabon ƙaramin rami a tsakiyarsa daidai inda tsohon bawul yake.

Abin da ya fi cin lokaci a ranar shi ne gogewa, kuma a nan ne gyara ke yin kyau ko ya lalace. Tub daga kamfani da hoda yake zuwa, ciki da waje, don kada ya manne da kansa. Ga gishirin teku, ga ragowar tsohon gam, ga maiƙon hannu. Ko ɗaya daga cikinsu ya rage, sabon mannin a kansa zai zauna, ba a kan roba ba. Da sifirit na aisofurofil muke gogewa, da tsumma mai tsabta, a faɗin da ya wuce inda facin zai zauna. A goge, a juya tsumma, a sake gogewa, har sai yatsa ya ji robar tana ƙara ƙiiƙ maimakon santsi. Danƙon tsohon gam kuma da yatsa ake murza shi ya dunƙule ya fita. Na ɗauka na gama da na tsakiya, maigida ya karkata shi ga hasken taga ya ce, "Ɗana, dubi nan, akwai sauran ƙyalli." Ƙyallin nan ragowar gam ne. Aka sake bi. Bayan gogewar ƙarshe ba a sake taɓa wurin da hannu, a bar sifirit ya bushe sarai.

Wajen liƙawa mutum biyu ake so. Ɗaya ya shimfiɗa tub a kan katako mai santsi ya riƙe shi a miƙe, ba ja ba saki, ɗaya ya liƙa. Ana cusa 'yar takardar da ba ta kama gam ta cikin ramin, domin kada mannin ya ratsa ya haɗe bangon sama da na ƙasa. Sai a duba kibiyar da aka zana, domin bawul ɗin haƙarƙari masu lanƙwasa ne, idan bakinsa ya fuskanci wani wuri daban tiyo zai riƙa murɗa shi har ya sake saki. A daidaita ramin bawul da ramin tub, a sauke tsakiya tukuna, sannan a bi da yatsa daga tsakiya zuwa baki. Mannin nan sau ɗaya yake ba da dama, idan ya taɓa roba ya kama. Idan aka bar tattara ko guda a ƙarƙashinsa, ta zama hanyar iska. Bayan ya zauna sai a bi shi da bayan cokali ana dannawa da ƙarfi, zagaye bayan zagaye, domin irin wannan manni da matsi yake kamawa.

Haƙarƙarin uku ba su da wani labari. Gajeru ne, fitar da tub ɗinsu da mayarwa abu ne mai sauƙi, kuma bawul ɗinsu duka sun ɓare da yatsa kamar sauran.

Muka bar komai ya kwana a kan tebur. Washegari aka toshe bawul-bawul ɗin, aka ba tub iska kaɗan, iya yadda zai ɗauki siffa. Tub da ke waje ba shi da yadin da zai tare shi, idan aka matsa masa kumbura zai yi ya fashe. Aka bi shi gaɓa-gaɓa a cikin baho, ana nutsa kowane yanki ana kallo. Babu kumfa a bawul ko ɗaya. Amma kusa da fiffiken dama wani siririn zaren kumfa ya taso daga rami kamar na allura. Aka zagaye shi da maka, aka busar, aka goge, aka sa ɗan faci. Da muka zura hannu cikin yadi daidai wurin, sai ga ɗan ɓallin ƙwanso a maƙale a ɗinki. Da an tsaya a kan bawul kaɗai, da laimar ta koma ruwa tana sacewa a hankali, kowa kuma ya ce sabon bawul ne bai kama ba.

Mayarwa ita ce inda ake fasa tub. Aka busar da shi sarai, aka sa shi a babbar leda da hodar jarirai aka girgiza har ya yi santsi. Aka ninka shi ninki-ninki a bakin zif, alamar sama tana sama, aka ɗaura igiyar da ke jira. Ni ina ja daga bakin fiffike, maigida yana ciyar da shi ta zif yana kula kada ya juya. Idan bawul ya iso raminsa a tsaya a fito da shi a zaunar. Da ɓangarorin biyu suka shiga, aka ninke rarar da ke bakin fiffike aka rufe, aka mayar da kowane tiyo, aka ba da iska kaɗan. Sai maigida ya bi bututun da tafin hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana bubbugawa yana matsawa. Abin da yake nema wuri ne da yadi ya yi lakwas alhali gefensa ya cika, ko wata tattara da ta karkace, domin alamar tub ya murɗe ke nan a ciki, kuma murɗaɗɗen tub a PSI 7 yana iya fashewa. Ya sami wuri ɗaya kusa da tsakiya da tub bai cika kusurwa ba, aka sace iskar, ya girgiza wurin, aka sake hurawa, ya zauna. Sannan aka kai ta cikakken matsi.

Gwaji, da abin da geji ya nuna

Da la'asar aka ba ta PSI 7, aka rufe kilif duka, aka bar ta a cikin shago. Da safe mai laimar ya riga mu zuwa, aka sa geji a babban bututu, ya nuna 6. Fuskarsa ta canza.

Ba yoyo ba ne, lissafi ne. Geji yana auna abin da ya ɗaru a kan matsin iskar duniya, wanda yake kusan PSI 14.7. Ke nan ainihin matsin da ke cikin bututu 21.7 ne. An hura shi cikin zafin da ya kusa digiri 40, an auna shi da safe a wajen digiri 25. Iskar da ke rufe a wuri ɗaya matsinta yana bin zafinta, kuma saukar digiri 15 a wannan mataki tana rage kusan kashi 5 cikin ɗari. Kashi 5 na 21.7 ya ɗan haura PSI ɗaya. Abin da geji ya nuna ke nan. Da rana ta ɗaga shagon ya ɗumama, allurar ta koma kusa da inda take. Wannan lissafin yana aiki ta ɗaya gefen ma, kuma can ne haɗarin yake: laimar da aka cika da sanyin safiya aka bari a kan yashi da tsakar rana, matsinta hawa yake yi a daidai lokacin da zafi ke sassauta mannin bawul.

Haƙarƙarin tsakiya kuwa ya yi laushi fiye da abin da sanyi zai iya jawowa. Ruwan sabulu ya nuna wurin: bakin tiyo, inda ya hau wuyan sabon bawul. Tsohon tiyo ne da rana ta busar, cirewa da mayarwa suka buɗe masa 'yar tsaga. Tunda shekarunsu ɗaya da sauran biyun, aka canza duka ukun da sabon tiyo na silikon, aka ɗaure bakunansu. Aka sake hurawa aka bar ta har azahar, bututu huɗu duka suna nan ƙam.

Kafin ya tafi maigida ya gaya masa abin da ya kamata ya sani. Kada ta sake kwana a mota. Idan zai huta fiye da ɗan lokaci ya sassauta mata iska ko ya kai ta inuwa. Ta bushe kafin a naɗe. Ya riƙa rufe kilif ɗin nan uku duk lokacin da zai shiga ruwa, domin idan babban bututu ya sace haƙarƙarin su riƙe iskarsu ya sami abin kamawa. Kuma rana ta farko ya tsaya cikin tafki inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ya kuma nuna masa gefen baya na laimar, inda yadin ya yi laushi ya kwashe launi saboda kaɗawar iska da rana, ya ce masa bawul ɗin da aka sa za su iya fin wannan yadin daɗewa, don haka kada ya kashe kuɗi a kan sabon tub nan gaba sai ya sa an duba yadin tukuna.

Mutumin ya yi wasansa a sauran kwanakin hutun, kuma laimar ta riƙe iska. Ranar da zai wuce filin jirgin Hurgada ya biyo ta shago da wata laimar tasa mai mita 9, wadda ya saya tare da waccan daga hannun mutum ɗaya, ya ce ba ta taɓa sacewa ba amma a duba masa. Lokaci bai isa a buɗe ta ba. Maigida ya sayar masa da bawul takwas da faci, ya sa na rubuta masa matakan a takarda da girman kowane bawul, domin ya yi aikin a gida ko ya kai wa mai gyara kafin ya sake shiga ruwa da ita.